Bidiyon zanga-zanga: wanda ke yawo a WhatsApp da wanda ke tsayawa a gaban alƙali

A watan Yulin 2018 wani faifan bidiyo ya karaɗe wayoyin mutane daga Marwa har Yawunde. Sojoji ne suka tasa mata biyu da yara biyu a gaba, ɗaya goye a baya, suka kai su gefen hanya suka harbe. Kakakin gwamnatin Kamaru na lokacin, Issa Tchiroma Bakary, ya ce labarin ƙarya ne. Wasu suka ce ai a Mali aka ɗauka. Abin da ya ƙaryata musun ba kisan kansa ba ne, duwatsun da ke bayan hoton ne. Masu bincike na BBC da Amnesty da wasu 'yan sa-kai suka zana surar tsaunin da ya fito a farkon faifan, suka gwada da hotunan tauraron ɗan adam, sai ga shi ya dace da gefen garin Zelevet a yankin Mayo-Tsanaga na Kamaru, kusa da iyakar Najeriya. Gine-ginen da ke tsaye da waɗanda ba a riga an gina ba suka nuna shekarar. Tsawon inuwar sojojin a ƙasa ya matse lokacin zuwa tsakanin 20 ga Maris da 5 ga Afrilun 2015. Bindigar da ke hannun ɗayansu, Zastava M21 ƙirar Sabiya, tana cikin makaman sojan Kamaru. A Satumban 2020 kotun soja a Yawunde ta ɗaure huɗu shekara goma-goma. Na biyar ya samu shekara biyu, laifinsa ɗaukar bidiyon da yaɗa shi.

Wannan ba zanga-zanga ba ce, amma duk mai ɗaga waya ranar da gari ya rikice, a N'Djamena ko Garwa ko Mundu, darasinsa yana nan. Ido yana zuwa wurin jini, mai bincike kuma gefen hoto yake dubawa. Yawancin faifan da ake turo mana bayan an yi arangama suna tayar da hankali, amma ba sa tabbatar da komai: daƙiƙa goma sha biyar, an janyo hoton har ya dushe, an ɗora waƙa ko wa'azi a kai, an tura ta hannu ashirin. Ba wuri, ba rana, ba wanda ya san wa ya ɗauka. Irin wannan faifan, minista zai kira shi ƙarya da yamma, kuma babu mai iya mayar masa da martani.

Shirin waya tun a gida

Bidiyo mai kyau na 1080p a yawancin wayoyin Android, su Tecno da Infinix da Samsung, yana cin megabait 100 zuwa 130 a minti guda. Wato gigabait ɗaya bai wuce minti goma ba. A share wuri tun da dare, aƙalla gigabait biyar. Kada a sa 4K: yana cin ninki uku, yana shanye batir, kuma a zafin Afrilu da ya haura digiri 40 wayar za ta yi zafi ta kashe kyamarar da kanta a daidai lokacin da ake bukatarta. Baƙar waya a cikin rana ta fi saurin yin haka. A goge gilashin kyamara da gefen riga kafin a fara, musamman lokacin hunturu, don ƙurar hazo tana mayar da lambar mota tabo.

A duba agogon wayar, a bar shi yana saita kansa daga rezo. Waya tana binne rana da lokaci a cikin fayil ɗin, wani lokaci har da wurin da aka tsaya idan an kunna wannan a kyamara. Akwai wani abu da ke rikita mutane a nan: fayil ɗin MP4 galibi da agogon duniya na UTC yake rubuta lokacinsa, Cadi da Kamaru kuwa suna gaba da shi da awa ɗaya. Abin da aka ɗauka ƙarfe 7:15 na safe zai iya fitowa 6:15 a kwamfutar mai bincike. Ba jabu ba ne, lissafi ne.

A cire buɗe waya da yatsa ko da fuska, a sa lamba shida ko fiye. Yatsa ana iya kama shi a danna, lamba sai ka faɗa. Kyamara tana buɗewa ba tare da an buɗe wayar ba, yawanci da danna maɓallin kunnawa sau biyu, don haka idan aka fizge ta a hannunka sauran abin da ke ciki yana kulle. Wanda ke da tsohuwar waya ta biyu wadda babu lambobin 'yan uwa da rukunonin WhatsApp a ciki, ita ya kamata ya fita da ita. Layin waya dai da sunanka aka yi masa rajista, wannan kada ka manta.

Abin da ake ɗauka

Riƙe wayar a kwance, da hannu biyu, gwiwar hannu manne da haƙarƙari. Fara da wurin kafin abin da ke faruwa: juya a hankali ka ɗauki shataletalen, hasumiyar masallaci, allon kanti, eriyar kamfanin waya, gadar Shagwa ta N'Djamena idan tana bayanka, ko tsaunin da ke bayan Marwa. Daƙiƙa goma na wannan sun fi minti biyar na gudu da ihu amfani. Idan akwai rana, a bar inuwar mutum ko ta sandar lantarki ta fito a ƙasa. Kowane abu ka tsaya a kansa daƙiƙa goma aƙalla kafin ka matsa. Kada a janyo hoto da yatsu, don a yawancin wayoyinmu wannan yanka hoton kawai yake yi ya hura shi. Ko ka matsa kusa idan babu haɗari, ko ka bar shi da faɗinsa.

Kuma kada a tsayar. Wannan ne kuskuren da ya fi yawa. Mutum zai fara ɗauka bayan an yi harbi, ya tsayar da zarar wani ya faɗi. To tambayar da za a yi daga baya ita ce: me ya faru kafin harbin? An yi gargaɗi? An fara jefa barkonon tsohuwa, ko kai tsaye aka buɗe wuta? Mutanen suna tunkarar jami'ai ne ko gudu suke, bayansu a juye? Nawa ne tazarar? Hukuma kullum za ta ce kare kai aka yi, kuma faifan da ya fara a tsakiya ba zai iya cewa e ko a'a ba. Faifai ɗaya mai tsawon minti takwas wanda rabinsa ƙafafu ne da kwalta ya fi guntaye goma masu kyau.

Game da jami'ai, fuskarsu ba ita ce kan gaba ba, sau da yawa ma a rufe take da rawani ko hular kwano. Abin nema shi ne wace runduna ce. A N'Djamena akwai 'yan sanda, da rukuninsu na kwantar da tarzoma GMIP, da jandarmomi, da dakarun tsaron ƙasa na GNNT, da soja. A arewacin Kamaru akwai 'yan sanda da rukuninsu na kwantar da tarzoma GMI, da jandarmomi, da rundunar sojan ko-ta-kwana BIR. Kowanne kakinsa daban, shugabansa daban, mai ba shi umarni daban. Launin hula, tambarin kafaɗa, rubutun jikin mota, lambar a-kori-kura, su ne ke kai bincike ga wanda ya tura su. Idan mota ba ta da lamba, ko masu bindigar cikin farin kaya suke, wannan ma shaida ce: a ɗauka a nuna suna tsaye tare da wa, sun fito daga ina, masu kaki sun hana su ko sun ƙyale su. Mai galo a kafaɗa da ke nuni da hannu ko magana a rediyon hannu ya fi mai harbin muhimmanci.

Sai sauti, wanda kusan kowa ke ɓatawa. Mai ɗauka yana salati, yana zagi, yana bayani, har ya danne ƙarar da ake bukata. Ba laifinsa ba ne, tsoro ne, amma a daure a yi shiru. Daga sauti ake ƙirga harbi nawa aka yi, ake bambance ƙarar bindigar barkonon tsohuwa mai kauri da ta harsashin gaske mai kaifi, ake jin umarni da yaren da aka ba da shi. Sauti yana tafiyar mita 340 da ɗoriya a daƙiƙa, saboda haka idan hayaƙin bakin bindiga ya bayyana a hoto, ƙarar ta iso bayan rabin daƙiƙa, mai harbin yana wajen mita 170. Waƙar da aka ɗora a TikTok tana shafe duk wannan. Wasu masu horarwa suna cewa ka faɗi rana da wuri da bakinka a farkon faifan. A ƙasashen da doka ke kare mai ɗauka shawara ce mai kyau. A nan muryarka sunanka ce. Gara ka nuna fuskar agogo ko allon wata wayar na daƙiƙa uku.

Bayan an watse akwai aikin da babu mai yi. Kwanson harsashi a ɗauke shi a inda ya faɗi kafin yara su tsince, da faɗi tukuna don a ga wurin, sannan kusa, a ajiye tsabar sefa ɗari a gefensa don a gane girmansa, a juya gindinsa don rubutun da ke jiki ya fito. Gwangwanin barkonon tsohuwa yana ɗauke da sunan kamfani da lamba da shekara, amma yana ƙuna, a bar shi ya huce. Ramin harsashi a bango ko a ƙofar shago yana nuna tsayin da aka saita bindiga, sama aka harba ko daidai ƙirji. Mu kuma da yake ba ma kwana da gawa, sau da yawa kafin wani mai bincike ya iso an yi jana'iza. Idan iyalin sun yarda, kuma sai sun yarda, a ɗauki raunin kafin wanka, a rubuta cikakken suna da shekaru da inda ya faɗi da asibitin da aka kai shi, a ajiye kwafin takardar likita.

Dalilin wannan naci shi ne abin da ya faru a Cadi ranar Alhamis 20 ga Oktoban 2022. An fito a N'Djamena da Mundu da Doba da Kumra da Sarh don ƙin ƙarin shekara biyu da aka yi wa mulkin riƙon ƙwarya na Mahamat Idriss Déby. Firaminista Saleh Kebzabo ya ce mutum kusan 50 ne suka mutu, gwamnati ta kira abin tawaye. Hukumar kare haƙƙin ɗan adam ta ƙasar, CNDH, a rahotonta na Fabrairun 2023 ta ce 128. Tazarar da ke tsakanin lambobin nan biyu ba bidiyo ne kawai ke cike ta ba. Bidiyo yana nuna yadda aka yi, amma ƙirga sai da sunaye, rajistar asibiti, ɗakin ajiye gawa, da kaburbura. A ranar aka harbe ɗan jarida Orédjé Narcisse a N'Djamena, don a san katin aikin jarida ba sulke ba ne.

Fayil na asali

Da zarar ka tura bidiyo ta WhatsApp yadda aka saba, manhajar tana matse shi ta rage girmansa, ta cire bayanan da waya ta binne a ciki, ta ba shi sabon suna. Facebook da TikTok ma haka suke yi. Abin da ya isa hannun na biyu kwafi ne, lambar mota ta narke, ranar ɗauka ta tafi. Mutane da yawa kuma suna goge na asalin bayan sun tura, don tsoro ko don neman wuri, suna ganin ai ya tsira.

Hanyar da ke kiyaye shi ita ce a tura a matsayin takarda, ta inda aka rubuta Document, wanda ke ɗaukar har gigabait biyu ba tare da ya taɓa fayil ɗin ba. Idan babu intanet, Xender ko Bluetooth ko igiyar kwamfuta ko filashi mai shiga gindin waya duk suna kwafar fayil yadda yake. A sa ran rashin intanet ɗin. Cadi ta toshe kafofin sada zumunta daga Maris 2018 zuwa Yulin 2019, wata goma sha shida, Kamaru kuma ta yanke intanet gaba ɗaya a yankunanta biyu masu Ingilishi na wata uku a farkon 2017. VPN, manhajar da ake kewaye toshewa da ita, tana aiki idan shafuka aka toshe, ba ta yin komai idan layin aka datse, kuma ranar da aka toshe ba ranar saukar da ita ba ce. Na bakin kogi a N'Djamena sun san rezon Kuseri ta Kamaru yana tsallakowa.

Kada a sauya wa fayil suna. Suna irin VID_20221020_071532 shi kansa shaida ne. Kada a yanke, kada a juya, kada a ƙara haske, kada a rubuta komai a kai. Duk gyaran da za a yi a kan kwafi ake yi. Wanda ke da kwamfuta ya fitar da tambarin SHA-256 na fayil ɗin, jerin haruffa da lambobi 64 wanda ke sauyawa gaba ɗaya idan aka taɓa ko ɗigo ɗaya a ciki. A Windows umarnin certutil -hashfile ne, sai sunan fayil, sai SHA256. A aika wannan jerin ga lauya ko wani amintacce a ranar, ko ta saƙon tes. Bayan shekara biyar idan aka ce an yi wa bidiyon kwaskwarima, a sake fitar da tambarin a gwada. Akwai manhajoji da ke yin wannan da kansu, irin su ProofMode da eyeWitness ta ƙungiyar lauyoyi ta duniya, sai dai ganinsu a waya a shingen bincike ma tambaya ce. A gefe a riƙe takarda: wane fayil, wace rana, wane wuri, wa ya ɗauka da laƙabin da ku kaɗai kuka sani, ya miƙa wa wa, yaushe. Kotu tana tambayar wannan silsilar kamar yadda malaman hadisi ke tambayar isnadi.

Idan jami'i ya tsare ka ya ce ka goge, goge. Babu faifan da ya kai ranka. A yawancin wayoyi abin da aka goge yana zama a kwandon shara na kwana 30, sai dai su ma sun san da haka.

Wanda bidiyon ke kamawa

Duk dabarar da ta gano Zelevet tana aiki a kan mai ɗauka. Wanda ya ɗauka daga soron gidansu ko tagar bene ya nuna wa duniya ƙofar gidansu, kusurwar hoton kawai ta isa. Wanda ya watsa kai tsaye a Facebook ya tsira daga a goge masa, amma ya nuna fuskar kowa da inda suke a daidai lokacin, da sunansa a sama. Bayan 20 ga Oktoba an kwashi mutum sama da 600 zuwa gidan yarin Koro Toro a cikin hamada, aka yi wa 401 daga cikinsu shari'a a can, aka ɗaure 262. A irin wannan yanayi faifan da ka sa don nuna zalunci zai iya zama jerin sunayen da za a bi gida-gida.

Saboda haka kwafi biyu ake yi. Na asali, cikakke, har da wurin da matasa ke jifa ko ƙona taya, a ɓoye shi. Kada a yanke wannan ɓangaren don a wanke wani, domin ranar da ɗaya ɓangaren ya fito da nasa faifan, naka ya mutu gaba ɗaya. Na biyu, wanda za a wallafa, a rufe fuskoki da baƙin tabo sosai, ba ɗan dusashewa ba. Fuska kuma ba ita kaɗai ke tona mutum ba: tsagar gado, rigar ƙwallo mai lamba, lambar babur ɗin ɗan kilando, allon shagon da aka ɓuya a ciki, da sunan da wani ya ƙwala a bayan hoto. A unguwa kowa ya san tafiyar kowa.

A Kamaru akwai kuma doka. Sashe na 78 na dokar laifukan intanet ta 2010 ya tanadi ɗaurin wata shida zuwa shekara biyu da tarar sefa miliyan 5 zuwa 10 ga wanda ya yaɗa labarin da ba zai iya tabbatar da gaskiyarsa ba. Dokar yaƙi da ta'addanci ta 2014 kuwa tana kai farar hula kotun soja. Da ita aka ɗaure Ahmed Abba, wakilin sashen Hausa na RFI, wanda aka kama a Marwa a Yulin 2015, aka yanke masa shekara goma, bai fito ba sai Disamban 2017.

'Yan jarida da tsofaffin faifai

Kyamarar gidan talabijin tana nuna abin da ke gabanta, kuma inda aka ba ta izinin tsayawa shi ke yanke labarin. Wadda ke bayan layin 'yan sanda duwatsu take gani suna tahowa. Wadda ke cikin taro bindiga take gani. Kafar gwamnati za ta maimaita ginin da aka ƙona, ta waje za ta ɗauki daƙiƙa ashirin mafi zafi. Ba lallai wani ya yi ƙarya ba, amma kada a ɗauki ko ɗaya a matsayin cikakken abin da ya faru. Edita na ƙwarai zai tambaye ka: kai ka ɗauka, a ina ka tsaya, kana da na asali, akwai abin da ka ɗauka kafin nan da bayan nan? Kai ma ka tambaye shi kafin ka miƙa: za a ambaci sunana, wa zai rufe fuskoki, wa kuma zai ga fayil ɗin? A yi wannan a rubuce. Wanda bai tambaye ka komai ba, haka zai sa na ƙarya gobe.

Na ƙaryar kuwa yawanci ba ƙirƙirarsa aka yi da kwamfuta ba, tsoho ne aka sauya masa gari. Bayan zaɓen shugaban ƙasar Kamaru na 12 ga Oktoban 2025, lokacin da Issa Tchiroma ɗin nan dai ya ce shi ya ci, aka fito a Garwa da Duwala, magoya bayansa ne ke ɗaga waya suna neman duniya ta yarda da abin da suka ɗauka. A irin waɗannan ranaku faifan wata ƙasa ko na wata shekara yana shiga cikin na gaskiya, kuma guda ɗaya ya isa a ce duka ƙarya ne. Kafin ka tura, tsayar da faifan a wurare uku ko huɗu, ɗauki hoton allon, saka a manhajar binciken hoto ta Google Lens ka ga ko ya taɓa fitowa. Duba lambar motoci, kakin jami'ai, rubutun alluna Faransanci ne ko Ingilishi ko Larabci, wane yare ake ihu da shi. Duba yanayi: ciyawa shar da laka a faifan da aka ce na Maris ne a Marwa, wannan ya gama magana.

Ajiya

A Nuwamban 2023 majalisar riƙon ƙwarya ta Cadi ta yi afuwa ga duk masu hannu a abin da ya faru ranar 20 ga Oktoba, don haka babu shari'ar da za a yi a cikin gida yanzu. Wannan ba dalilin gogewa ba ne. Tsohon shugaban Cadi Hissène Habré ya faɗi a 1990, takardun 'yan sandan sirrinsa na DDS sai a 2001 aka gano su zube a tsohon ofishinsu a N'Djamena, hukuncin ɗaurin rai da rai kuma sai a Mayun 2016 a Dakar. Kotun duniya ta ICC ma a 2017 ta ba da sammacin kama kwamandan Libiya Mahmoud al-Werfalli bisa faifan da aka sa a kafofin sada zumunta.

Facebook da YouTube ba ma'aji ba ne. Suna sauke bidiyon da ke da jini, a 2017 YouTube ta kwashe dubban faifan yaƙin Siriya ta haka. A yi kwafi uku, a kan na'ura iri biyu, ɗaya a wani gari ko hannun wani a ƙetare. Katin memori da filashi masu araha na kasuwa da yawansu jabu ne, an rubuta gigabait 64 alhali takwas ne a ciki, sai su riƙa danne tsohon fayil da sabo ba tare da sun faɗa ba. A gwada ta hanyar cika shi a sake buɗe fayilolin farko. A nisanta su da zafi da ƙura, a cikin leda mai zif, ba a saman kwano ko aljihun mota ba. Sau ɗaya a shekara a jona su, a buɗe, a gwada tambarin, a kwafa zuwa sabo idan ɗaya ya fara gardama.